Zakeyu Da Atishawar Surukarsa

A Katope, can gindin duwatsun Dedza, ba sama muke dubawa don mu san damina ta wuce ba. Hancin Gogo Nangondo muke saurare. Ranar da ka ji tsohuwar nan ta saki atishawa daga cikin ɗakinta har awaki sun ɗaga kai a bakin rafi, to ka karkaɗe buhunanka, kaka ta shigo. Daga nan ba ta da sauƙi sai an gama zuba masara a rumbu. Ido ya yi ja wur, hanci ya yi ta zuba, maƙogwaro na ƙaiƙayi, bakin nan nata kuwa da dama bai san hutu ba ya ƙara kaifi.

Kowa a garin ya mai da abin na dariya, ban da surukinta Zakeyu. Shi kam kowace atishawa a ƙirjinsa take sauka.

Zakeyu mutumin Mtunda ne, aure ya kawo shi cikinmu. A wurinmu ai namiji ke tarewa. Ka ɗauko bargonka ka zo garin matarka, ka nome wa uwarta gona, ka sake mata jinkar ɗaki kowace shekara, ka ci tuwonka kai a sunkuye. Sai an ga hankalinka, sannan kawun matar ya yarda ka ɗauke ta zuwa garinku, abin da muke kira chitengwa. Sa'annin Zakeyu duk sun samu sun tafi. Shi kuwa har 'yarsa Tadala ta shiga makaranta yana nan zaune, alhali ya gina ɗaki mai rufin kwano a Mtunda, a kulle, ɓeraye na ta cin sarauta a ciki. Ba abin da yake so a duniya kamar ya zauna ƙofar ɗakin nan ya yi gyaran murya, a ce shiru, maigida zai yi magana.

Gajere ne, amma Allah ya ba shi muryar mutum biyu. Ya taɓa yin gadi a wani kantin magani a birnin Lilongwe, ya dawo da tsohuwar farar riga irin ta likitoci mai yagaggen aljihu. Tun daga nan babu ciwon da bai san maganinsa ba. Mutane suka laƙaba masa Dokta don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Atishawar nan ce ta ɗaure shi. Duk shekara in ya tura a yi maganar tafiya, sai Malume Lameki, ƙanen tsohuwar kuma kawun matarsa Esinati, ya kaɗa kai ya ce, "Ni ban ƙi ba, suruki. Amma wa zai riƙa dafa wa yayata ruwan zafi in ciwon kaka ya kayar da ita? Ranar da atishawa ta bar ta, ka zo da mutanenka."

Ga shi kuma ba dama ya je ya lallashi tsohuwar da kansa, don suruki da suruka ba sa haɗa ido, balle magana. In ya hango ta a hanya, ciyawa yake faɗawa. In magana ta zama dole, ita sai ta gaya wa kazarta, wata jar kaza mai tafiyar ƙasaita da ake kira Matar Fasto, shi kuma ya juya baya ya ba turmin tsakar gida amsa.

To, a kakar da nake ba ku labari, wata safiya Zakeyu ya fito yana miƙa, sai ya ji murya daga ƙofar ɗakin tsohuwa.

"Matar Fasto, ashe wai akwai likita a gidan nan? Atishaa! Ni na zaci mai gadin tukunyar tuwo muka samu."

Zakeyu ya durƙusa gaban turmi. "Turmi, a gaishe min da manya. A ce musu likita ba ya aiki sai an kawo masa kuka."

"Matar Fasto, tambayi turmin nan, kukan da ke tashinsa tun asuba shekara da shekaru fa? Ko kunnen ma a Lilongwe ya baro shi?"

Esinati da ta gaji da shiga tsakanin kaza da turmi, ranar ta ɗora uwarta a keken haya suka tafi asibitin sha-ka-tafi. Da yamma ta dawo ta sami mijinta a gindin mangwaro.

"Baban Tadala, Sista ta ce ba mura ba ce. Ta ce in damina ta ja baya, funfunar da ke jikin ruɓaɓɓen ganye da karan masara da jiƙaƙƙiyar ciyawa takan saki wata ƙura mai laushi da ido ba ya gani, ita ce irinta. Wani ya shaƙa lafiya lau, wani kuma jikinsa ya ƙi ta. Ta ce wataƙila ita ce, ba ta dai rantse ba. Ta ba da ƙwayoyi, ta kuma ce mu fara duba inda Inna ke kwana, musamman rufin."

Zakeyu ya zabura. "Rufin? Rufin da nake yi da hannuna?"

"Haka dai ta ce."

"Yarinya ce, ba ta san aikina ba. Amma zancen funfuna ta yi ƙoƙari. Dama yana bakina, ta riga ni faɗa ne kawai."

Bai ko tsaya cin tuwo ba. Ya zura farar riga ya nufi rumfar NaJere mai dafa kachasu, barasar nan da ke sa gurgu rawa. Kafin ya isa, Sista ta faɗi a hanya, "wataƙila" ma ta faɗi, saura shi da bincikensa.

"Jama'a, na gano shi!" in ji shi, ya hau kan benci don a gan shi. "Maƙiyin surukata ƙura ce da ido ba ya gani. Ni na gan ta."

NaJere ta ajiye kofi. "Kai da ba ka ganin hanyar gidanku in ka tashi daga nan, kai ne ka ga abin da ido ba ya gani?"

"Ido biyu ne da ke, NaJere. Ni da na ilimi uku. Kafin a rufe rumbu bana, in kun sake jin atishawa a Katope, ku canza min suna."

"Mun ji. Sunayen ma suna nan mun tanada."

Abin da Zakeyu ya sani tun Lilongwe, kuma gaskiya ne, shi ne funfuna da bowa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Bowa kuwa, laimar kwaɗin nan mai ciyuwa da ke tsirowa a gindin itatuwa da damina, ita ce ran miyar matan Katope. Su tsinko, su tafasa, su shanya, su ƙulle ta cikin ganye ta zama dunƙule kamar kan yaro, su rataye a madafa saman hayaƙi. Miyar rani ke nan, ranar da babu ko ganye ɗaya a gona. Zakeyu ya ce in za ka yaƙi dangi, da babba ake farawa.

Ya jira mata suka tafi girbi, ya ari baro, ya bi madafa-madafa. Ya fara da ta surukarsa, daga nan ya ce ai iska ba ta san shinge ba, ya kwashe na maƙwabta ma. Ya tura baro har saman rafi ya juye, ya karkaɗe hannu, ya ce musu su gai da teku.

Abin da bai lissafa ba, rafin ta mawankar mata yake bi. Da la'asar sun dawo daga gona suna wanke jiki, sai ga dunƙule-dunƙule suna tahowa a jere kamar agwagi. Kowace mace kuwa ta san ƙullinta.

"Wayyo, wannan ai nawa ne!"

"Ga na NaJere can, mai jan zare!"

Ba a tambayi wanda ya yi ba, don sawun baro ya nuna. Suka tsamo kayansu suna ɗigar ruwa suka yi gidan Gogo Nangondo. Zakeyu ya fito da fara'a zai yi musu bayanin ilimi, bai rufe baki ba dunƙule ɗaya ya same shi a goshi, tim! Na biyu a ƙirji. Ya laɓe bayan turmi, ga turmin bai kai rabinsa ba.

"Don lafiyarku na yi!"

"Lafiyar uwar wa? Da me za mu ci tuwo da rani?"

Gogo Nangondo ta leƙo, ta ga ƙusoshin madafarta wayam. Sai ta ɗauki kazarta ta rungume.

"Matar Fasto, ce wa turmi in rani ya yi, farar rigar nan za mu yanka mu yi miya da ita. Atishaa!"

"Turmi," in ji Zakeyu yana share ruwan bowa daga ido, "a ce wa manya wannan ragowar ce ke fita."

Ragowar kuwa ta ƙi ƙarewa. Kwana da kwanaki tsohuwa na yi, mutane na wucewa ta ƙofar gida suna cewa, "Dokta, ragowar nan da yawa take." Wani mai hankali da ya koma gefe ya yi shiru. Zakeyu cewa ya yi ya kashe uwa ya bar 'ya'ya.

A lokacin girbi akan ware masarar da ta ruɓe tun a kan kara, wadda ta yi baƙi-baƙi da kore-kore. Ba a zubarwa, NaJere ke tattarawa ta tara bayan rumfarta, da ita take dafa kachasun shekara. Zakeyu ya zagaya ya ga tulin nan ya kai ƙugunsa, funfuna ta yi masa gashi. Ya riƙe baki. Ashe ga barikin maƙiya a tsakiyar gari!

Ranar Lahadi da kowa ya tafi coci, ya ce wa Esinati cikinsa na murɗa. Ya kwaso kara ya lulluɓe tulin, ya ƙyasta ashana. Jiƙaƙƙiyar masara kuwa ba ta ci da wuta, sai dai hayaƙi, wani irin hayaƙi mai kauri, ruwan ƙwai, mai warin tsohon takalmi. Iskar duwatsu ta ɗebe shi ta yi coci da shi.

An yi rashin sa'a, Fasto na tsakiyar wa'azin wutar lahira. Ya ɗaga hannu ke nan ya ce, "Ina gaya muku, ta fi kusa da ku fiye da yadda kuke zato," sai ga hayaƙi ta tagogi. Tirƙashi! Mawaƙa suka tsallake benci, masu zunubi suka riga kowa fita, wani dattijo ya tsaya a ƙofa yana ihu wai akuyar da ta ɓata bara shi ya ci, a yafe masa. Fasto kansa ta taga ya bi.

Da aka gano inda hayaƙin ya fito, NaJere muciya kawai ta ɗauka. Bayanta kuma ga mashayan garin kaf, suna tafe kamar masu rakiyar gawa.

"Dokta, fito! Yau ni zan duba ka!"

"NaJere, ki tsaya ki ji! Guba kike dafa wa mutane!"

"Sun kawo maka ƙara? Kai kofi nawa ka sha, ka mutu?"

Suka zagaya rumbu, suka zagaya garken awaki, suka sake zagaya rumbu. Sai da Malume Lameki ya shiga tsakani, shi ma muciya ta ɗan lashe shi a kafaɗa.

Hayaƙin nan ya ƙi mutuwa, ya kwanta a unguwar kamar an yi masa shimfiɗa. Gogo Nangondo ta naɗe tabarmarta, ta saɓa kazarta, ta haye rafi zuwa gidan wata 'yar uwarta mai ɗakin bulo da kwano, ta ce ba za ta dawo ba sai an daina gasa ta da rai. Ikon Allah, kwana biyu da zuwanta can atishawa ta ɗauke ɗif. Ido ya washe, hanci ya bushe, har aka gan ta tana sussukar masara tana waƙa.

Ina Zakeyu zai sa kansa don murna! Ya wanke farar riga, ya bi gari gida-gida.

"Kun ji wani abu? A'a, ku kasa kunne da kyau. Kun ji? To wannan shirun, ni na yi shi."

Esinati ta ja shi gefe. "Baban Tadala, anya ba don ta bar ɗakin ba ne? Sista fa ta ce..."

"Maman Tadala, Sista ce ta tura baro? Sista ce ta sha muciya? Ki fara ɗaure kayanki, Mtunda na jiranki."

Malume Lameki ya haye rafi ya zauna da yayarsa wuni guda, bai ji ko tari ba. Ya dawo ya ce to, magana magana ce, a kira mutanen Mtunda ranar Asabar.

Ranar Juma'a da yamma hayaƙi ya gama bajewa, tsohuwa ta dawo ɗakinta don a yi taro tana nan. Gari na wayewa, Zakeyu na cikin aske gemu, ya ji abin da ya sa reza ta yanke shi.

"Atishaa!"

Ya yar da reza. Baƙi na hanya, ga maƙiyi ya dawo. Ya faɗa ɗaki ya jawo sabon zanen Esinati na zuwa coci, ya yanko gefe, ya ɗaura masa igiya ya yi takunkumi, ya kai ya ajiye kan turmi.

"Turmi, a roƙi manya su ɗaura wannan a hanci, yau kawai. In abin ya taso, a daure a haɗiye."

Ya koma ya laɓe yana leƙe. Can sai ga Matar Fasto ta fito tana tafiya da baya-baya, takunkumi ɗaure a baki.

"Matar Fasto," in ji murya daga ɗaki, "ke aka aiko wa saƙo, ke za ki sa."

Hantsi na yi baƙi suka iso. Kawun Zakeyu, Malume Yotamu, dogon tsoho cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita, shi ke gaba, ana jaye da ɗan akuya na gaisuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, aka kawo kunun thobwa a ƙwarya. Garin kaf ya hallara, har da NaJere a sahun gaba, don wanda ya ci bowarsu ya ƙone kachasunsu ba a barin tafiyarsa ta wuce ba a gani ba. Gogo Nangondo na cikin ɗakinta ƙofa a rufe, kamar yadda ya kamata tunda suruki na wurin.

Ba a nemi Zakeyu ya yi magana ba, ba ma hurumin ango ba ne. Amma ya miƙe.

"Iyayena, abin da ya gagari asibiti, ya gagari masu saiwa, ya gagari addu'ar Fasto, ni Zakeyu ɗan Mtunda na..."

"Atishaa!"

Malume Lameki ya sauke ƙwarya daga baki. "Suruki, me na ji?"

"Akuyar nan ce, Malume. Tafiya ta sha."

"Atishaa! Wayyo hancina!"

"Akuyar Mtunda har magana take?" in ji NaJere. "Lallai a bar mana ita."

Dariya ta ɓarke. Malume Yotamu ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Nan Esinati ta matso ta durƙusa gaban kawunta, don ita ma tana son tafiyar, kuma ta gaji.

"Malume, ku gafarce ni. Sista ta ce a duba rufin ɗakin Inna. Na faɗa, ba a ji ba."

"Rufi kuma!" Zakeyu ya daka tsalle. "A gaban kawuna za a ci min fuska? Ni nake sake jinkar nan duk shekara! Ku dube ta, rawaya shar kamar yau aka yanko ciyawar!"

Gaskiya ne kuwa, daga waje ba ɗakin da ya kai shi kyau a Katope.

"Ba a ce ka yi laifi ba," in ji Malume Lameki. "A dai sa wani ya hau ya duba."

"Ba mai hawa sai ni!"

Ya jawo tsani ya haye, farar riga na kaɗawa. Ya tsaya can ƙololuwa ya riƙe ƙugu. Tunda aka haife shi bai taɓa fin kowa tsawo ba sai ranar, abin kuwa ya yi masa daɗi.

"Ku gani! A bushe ƙayau!" Ya buga ƙafa. "Kun ji? Ko sa aka ɗora a nan sai dai ya kwanta ya yi barci!"

"Sauko haka, mun gani," in ji Malume Yotamu.

"Ba ku gani ba, Malume! NaJere, buɗe idonki!" Ya ɗaga ƙafa biyu ya dira.

Ɓurum!

Aka nemi Dokta aka rasa, sai takalminsa ƙafa ɗaya a bakin rami. Sannan wata baƙar ƙura ta taso, ta ramin, ta ƙarƙashin jinka, ta tsagar ƙofa, ta turnuƙe gindin mangwaro. Wannan kam ko makaho ya gan ta. Malume Lameki ya fara, NaJere ta karɓa, sahun baya suka amsa. Malume Yotamu ya yi wata atishawa da ta cillo haƙoransa na roba cikin ƙwaryar thobwa. Ɗan akuya ma ya yi, wannan karon da gaske. Matar Fasto ta fito ta ramin rufi kamar an harbo ta, ta sauka kan mangwaro da takunkuminta.

Aka ɓalle ƙofa. Rabin rufin ya zubo ciki, kuma kowa ya ga cikinsa. Ta sama ciyawa ce sabuwa, siririya, ba ta kai kaurin tafin hannu ba. Ƙarƙashinta ja. Ƙarƙashin ja baƙa, jiƙe sharkaf, farin zaren funfuna ya saƙe ta, har da 'yan laimomin kwaɗi sun yi layi a jikin itacen. Malume Lameki ya damƙo wata ya matse, ruwa ya ɗiga.

"Suruki, wannan ta wace shekara ce?"

"Ta shekarar aurensa ce," in ji NaJere tana share hanci. "Yo dama! Sauran maza in sun hau jinka sai yamma, shi kuwa kafin hantsi yana rumfata. Ashe shimfiɗa sabuwa yake a kan tsohuwa, kamar mai ɗaura zane a kan ƙazanta. Ka zubar mana da bowa, ka ƙone min masara, ashe gonar funfunar taka ce, a kan tsohuwar mutane ka shuka ta!"

Zakeyu kuwa yana cikin wata masifar da ta fi wannan. Da ƙura ta lafa, sai aka gan shi a baje kan tabarma, riga ta koma baƙa, laimar kwaɗi ɗaya a kansa. Ƙarƙashinsa kuwa ƙafafun Gogo Nangondo ne. Hancinsa da nata ba su fi taƙi ba. Shekara da shekaru yana faɗawa ciyawa don kada ya ga ko inuwarta, yau ga shi yana ƙirga furfurar girarta.

Mata suka rufe baki. Maza suka juya baya. Suruki da suruka suka dubi juna, hancinsu ya motsa, suka saki atishawa tare.

"Zakeyu," in ji tsohuwa.

Sunansa, gatsau, da bakinta! Zakeyu ya waiwaya yana neman ceto. "Turmi, a ce wa manya..."

"Babu turmi a nan. Kunyar a rufin take, ka kuwa fasa shi. Ɗaga min ƙafa."

Mutanen Mtunda ba su tsaya cin tuwo ba. Malume Yotamu ya tsamo haƙoransa, ya ce shi dai rakiya ya yo, bai san yaron sosai ba.

Tsohuwa ta sake haye rafi. Kwana biyu atishawa ta ɗauke, kuma har aka rufe rumbu atishawar ba ta dawo ba. Kun zaci kunya za ta hana Zakeyu fita? Ba ku san shi ba. Ƙugunsa na warkewa ya ɗingisa ya sami Malume Lameki.

"Malume, cewa kuka yi ranar da atishawa ta bar ta. Ta bar ta ko ba ta bar ta ba?"

"Ta bar ta."

"Wa ya gano rufin?"

"Gindinka."

"To ai jikina ne."

Malume Lameki ya ce bari ya shawarci yayarsa. Washegari ya dawo da wani irin murmushi, ya ce an ba shi chitengwa, ya nemo amalanke.

Ranar tafiya Zakeyu ya bi gari yana sallama, yana gaya wa kowa cewa dama faɗowar nan dabara ce, a Lilongwe haka manyan likitoci ke yi. Ya dawo ya tarar an gama lodi. Ga tukwane, ga buhunan masara, ga Esinati da Tadala a gaba. Can sama kuma, kan katifa, ga Gogo Nangondo ta miƙe ƙafa, ƙullin kayanta a gefe, Matar Fasto a cinya.

Ya tsaya turus. Ya waiga wajen turmi, yana nan tsakar gida an bar shi.

"Rabu da shi, ya gama aikinsa," in ji tsohuwa. "Ni za ka duba. Ka rushe min ɗaki. Sista kuma ta ce rufin kwano ya fi min lafiya. Shekara nawa kana cika mana kunne da ɗakin kwano a Mtunda?"

"Amma... ai ɗaki ɗaya ne."

"Ya ishe mu, ni da 'yata da jikata. Matar Fasto ba ta da cin wuri."

NaJere da ke bakin shinge ta riƙe ciki ta zauna a ƙasa. Mai amalanke ya kaɗa shanu. Zakeyu ya biyo baya a ƙafa yana ɗingishi, murya ta koma ta mutum ɗaya, ɗayan ma ƙarami.

"To ni a ina zan kwana?"

Gogo Nangondo ta gyara zama, ta ja iska ta hanci har ƙirji, lafiya lau.

"Ka kafa bukka a gefe," ta ce. "Ai ka iya jinka."